Abubakar Imam: Shekarun Samartakar Da Suka Haifi Magana Jari Ce

Duk ɗalibin da ya ɗauki darasin Hausa a makarantar sakandare, ko a Sabon Wuse ta ƙasar Suleja yake, ko a Gumel, ko a Argungu, da wuya ya kammala bai ci karo da akun nan mai zalaƙa na cikin Magana Jari Ce ba. Da yawa daga masu karatun sukan zaci wani dattijo ne mai furfura ya zauna ya tsara littafin, saboda nauyin hikimar da ke cikinsa da yadda karin magana ke zuba kamar ruwan sama. Alhali kuwa marigayi Alhaji Abubakar Imam yana da shekara 25 kacal lokacin da ya rubuta shi a 1936. Ruwan Bagaja kuwa yana ɗan shekara 22 ya rubuta. Bai kuma wuce 28 ba aka damƙa masa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Masu ba da tarihinsa sukan yi saurin tsallakawa zuwa ga lambobin girma da muƙaman da ya riƙe daga baya. Amma wanda ya bi rayuwarsa a tsanake zai ga kusan duk abin da ake tunawa da shi a yau ya ginu ne cikin shekara 21, daga 1922 da ya bar gidan mahaifinsa yana yaro, zuwa 1943 da ya zauna gaban tsohon Gwamna Lugga a Ingila yana zayyana masa damuwar Arewa. Waɗannan su ne shekarun da masana halayyar ɗan Adam ke kira na tashen balaga da farkon girma, lokacin da yaro ke fama da tambayar ko shi wane ne, da kuma inda zai sa gaba.

An haife shi a 1911 a Kagara, wadda a yau take hedikwatar ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙalin garin. Gida ne da ya ga sauyin zamani da idonsa. Shekara goma kafin haihuwar Abubakar, a 1901, sojojin Turawa suka ci Kontagora, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fice da jama'arsa, kuma iyalan Malam Shehu Usman suna cikin waɗanda suka bi shi, har da ɗansa Bello wanda a lokacin yaro ne. Ke nan Abubakar ya buɗe ido ne a gidan da labarin gudun hijira da faɗuwar tsohuwar daula bai tsufa ba a bakin manya. A nan ya fara karatun allo kamar kowane ɗan malam.

Tazarar da ke tsakaninsa da wansa Malam Bello Kagara ta kai shekara 21, wato wa ne da ya isa ya haife shi. Malam Bello yana cikin 'yan farko da suka yi karatun boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano. Ya koyar a makarantar lardi ta Zariya, daga nan aka ɗauke shi koyar da Larabci da addini a sabuwar Kwalejin Katsina. A 1922 aka kai Abubakar wurinsa, yana ɗan shekara 11.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Riƙo tsohuwar al'ada ce, kuma iyaye sun daɗe da fahimtar cewa yaro mai gab da balaga yakan fi jin maganar kawu ko wa ko malami fiye da ta uban da ya haife shi, musamman inda kunya ta hana uba da ɗa doguwar magana. Sai dai riƙo yana da fuska biyu. Akwai yaron da ake kai wa gidan da zai zama ɗan aike kawai, ya tashi da ƙuncin rashin gata. Akwai kuma wanda ake kai wa hannun da ke da niyya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shekarun tashen balaga tsakanin 10 da 19, kuma binciken masana ya yi ta nuna cewa cikin abubuwan da suka fi kare yaro a wannan tsakani akwai samun babba guda ɗaya tsayayye, wanda ya damu da shi, yake kuma sa ran wani abu daga gare shi. Abubakar ya dace da irin wannan. Abin da ya fi muhimmanci ma, mutumin da ya riƙe shi ya riga ya taka hanyar da yaron zai bi. Malam Bello ya ƙoshi da ilimin addini kafin ya shiga boko, bai kuma zubar da na farkon ba don ya sami na biyun. Yaro ɗan shekara 11 da ke kallon wannan a gida kullum ba ya buƙatar a yi masa wa'azi cewa allo da boko suna iya zama a ƙirji ɗaya. Ya gani da idonsa, a zamanin da iyaye da dama ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu idan an zo ɗibar yara makaranta.

Bayan ya gama makarantar lardi ta Katsina, ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, yana da shekara 16. Kwalejin ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, da nufin ta samar da malamai Musulmi ga makarantun lardunan Arewa. Karatun shekara biyar ne, na kwana, da Turanci ake koyarwa, kuma malaman sun matsa ƙwarai kan iya furta harshen daidai da tsare lokaci da wasanni irin su kurket da ƙwallon bango. Ginin ƙasar da suka yi karatu a ciki yana nan har yau a birnin Katsina, an mai da shi gidan tarihi. Ita ce makarantar da ta koma Kaduna a 1938, daga baya ta sauka Zariya ta zama Kwalejin Barewa.

Ɗaliban ba su da yawa, kuma an tsamo su ne daga larduna daban-daban. Ahmadu Bello ya riga shi shiga da shekara guda. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya biyo bayansa a 1928. Kashim Ibrahim na Barno da Sa'adu Zungur na Bauci duk sun ratsa makarantar cikin shekarun da yake can. A irin wannan shekaru abokai sukan zama madubi, da su saurayi ke auna kansa. Kuma idan Abubakar ya duba madubin, akwai bambancin da ba zai ɓoyu gare shi ba.

Wasu daga cikin ɗaliban sun zo ne da hanyarsu a share. A shekarar da ya shiga, wani ɗan sarki daga Abuja ta da, Sulaimanu Barau ɗan Sarki Muhammadu Gani, yake kammalawa. Barau ya koyar a Keffi da Bida na shekara huɗu, a 1931 aka ba shi hakimcin Diko, a 1944 ya zama Sarkin Abuja. Shi ne sarkin da ya hana talakawa zuba ƙasa a ka idan za su gaishe shi, kuma da sunansa aka kira garin Suleja bayan an ba babban birnin tarayya sunan Abuja. Masarautar tasa ce a yau ta haɗa Suleja da Gurara da Tafa, inda Sabon Wuse take. Haka ma Ahmadu Bello, bayan ɗan zaman koyarwa a Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. Ga irin waɗannan, kwalejin mataki ce zuwa ga gadon gida. Shi kuwa ɗan alƙalin Kagara ba shi da sarautar da ke jiransa, ya kuma yi nisa da garinsu tun yana ƙarami. Gadon gidansu malanta ce da alƙalanci, amma ilimin da yake samu yanzu bai nufi zauren alƙali ba. Abin da takardar shaidarsa ta tanadar masa shi ne alli da baƙin allo, sai abin da Allah Ya yi.

Masanin nan Erik Erikson, wanda aka haifa a Jamus ya yi aikinsa a Amurka, ya bayyana a littafinsa na 1950 cewa kowane mataki na rayuwa yana da tambayar da dole mutum ya warware. Ta shekarun samartaka ita ce ta sanin kai. Saurayi yana da guntaye da yawa a hannu: abin da iyaye suka ce shi ne, abin da makaranta ke so ya zama, abin da abokai ke yabawa, da abin da shi kansa ke jin yana iyawa. Aikinsa shi ne ya ɗinke su su zama riga guda da za ta zauna masa. Wanda ya kasa yakan faɗa ruɗani, ko ya rungumi wata ƙungiya ko aƙida da zafi don ta ba shi amsar da ya kasa ba kansa. Erikson ya ƙara da cewa al'umma mai hankali takan ba matashi wani ɗan lokaci na gwaji, inda zai taɓa wannan ya taɓa wancan ba tare da kuskurensa ya zame masa tabon har abada ba. Ba don Hausawa ya rubuta ba, kuma masu suka sun ce ya fi kallon samarin Turai da Amurka. Amma bayanin nasa ya zauna daram a kan samarin Kwalejin Katsina, waɗanda a gida ake yi musu kallon yaran Nasara, a wurin Turawan mulki kuma ake ɗari-ɗari da su kada su fi ƙarfin sarakuna.

Ya kammala a 1932 aka tura shi koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina. Shekara guda bayan nan ƙofar ta buɗe. Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa a 1933 yana kiran malamai su gwada rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, za a yi gasa. Ba abu ne mai sauƙi ba, domin a wurin malaman wancan zamani alƙalami na ilimi ne da wa'azi, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara a dandali. Babban malami ya zauna ya rubuta ƙarya da hannunsa, abin da kamar zubar da girma. Duk da haka aka samu waɗanda suka amsa. Cikin littattafan da aka zaɓa aka buga akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Ruwan Bagaja na ƙanensa. Wa da ƙane, mai riƙo da ɗan riƙo, a gasa ɗaya.

Idan aka jera littattafan 'yan uwan biyu sai a ga bambancin shekaru ƙarara. Ganɗoki na mutumin da ya ga yaƙi ne yana yaro, jaruminsa mayaƙi ne na zamanin Nagwamatse da ya ƙi miƙa wuya. Ruwan Bagaja kuwa na saurayi ne. Jarumin ɗan malamai ne daga Kontagora. An kunyata limamin da ya riƙe shi a gaban fada, saboda ya ce ruwan Bagaja ne zai warkar da ɗan sarki. Sai saurayin ya bar gida, ya shiga duniya shekara da shekaru yana neman ruwan don ya wanke wa dattijon suna. A hanya yana ta karo da Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan ƙeta, gobe wancan ya rama. Marubucin kuma bai ɓoye kansa ba, domin Alhaji Imam ya raɗa wa jarumin. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a ga abin da ke ran yaro ɗan gidan malamai na ƙasar Kontagora, wanda ya bar gida da wuri don neman wani abu da mutane da yawa ba su yarda yana da amfani ba. Ko da gangan ya yi ko ba da gangan ba, labarin fita ne, da shan wuya, da komowa da abin da zai sa a daina yi wa gidansu dariya.

Akwai wani abu da ya faru a nan wanda masu yabo kan tsallake, alhali shi ne ya fi koyarwa. Imam ya ɗauki salon abokan hamayyar nan biyu daga Maƙamatul Hariri, littafin da almajiran ilimi suka sani a zaure, kuma shi da kansa bai musa ba. Amma East ya lura cewa wasu labaran da ke cikin rubutun farko an ɗebo su ne kusan yadda suke daga littattafan da aka riga aka buga. Ya rubuta masa ya nuna masa, aka cire abin da za a cire. Saurayi ɗan shekara 22 da aka kama da irin wannan yana iya yin fushi ya ajiye alƙalami, mai gyaran ma yana iya yanke masa hukunci ya juya baya. Babu ɗaya da ya faru. East ya ga abin da ke ƙarƙashin kuskuren, wato kunnen da ke jin Hausa da iya ban dariya da ba a koyarwa a aji. Imam kuma ya haɗiye gyaran. Kwaikwayo, a gaskiya, shi ne matakin farko na kusan kowane mai fasaha. Almajiri yakan fara da bin hannun malaminsa kafin nasa ya fito. Abin tambaya shi ne ko za a samu wanda zai nuna masa iyakar aro da sata tun da wuri, cikin hanyar da ba za ta kashe masa zuciya ba.

A 1936 East ya roƙi a ba shi aron malamin daga Katsina na wata shida. A Zariya ya tara masa littattafai: Dare Dubu da Ɗaya, tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan uwan nan Grimm, na Andersen, da labaran Indiya da Farisa, ciki har da na akun da ke riƙe mai gidansa da hira. Wannan karon aron a fili yake, kuma da sharaɗi: kowane labari sai ya tuɓe rigarsa ya sa ta Hausa, da sarki da waziri da dogari da ɗan kama da sarkin fawa, har mai karatu a Kazaure ya rantse a bayan garinsu abin ya faru. Imam ya ambata daga baya cewa East ya koya masa ƙa'idojin rubutun labari, ciki har da cewa kada a bar mugu ya ci nasara a kan mutumin kirki. Cikin waɗannan watanni ya gama littattafai uku masu ɗauke da labarai fiye da 80. Aka fara buga su a 1937.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, littafi na farko na Magana Jari Ce gaba ɗayansa a kan rawar kan samartaka aka gina shi. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida cikin tsaro. Mahmudu, wanda suka tashi tare kamar tagwaye, yana can fagen fama. Waziri maci amana ya haɗa baki da abokan gaba, yana jira Musa ya leƙo waje. Kullum dare Musa sai ya yi ɗamara zai bi ɗan uwansa, ya biya wa aku don sallama. Akun ya san haɗarin, amma bai tare ƙofa ba, bai kuma yi masa tsawa ba. Yakan nuna kamar ya goyi bayansa, sai ya jefa wata magana da za ta sa yaron ya tambayi labarinta. Kafin labari ya ƙare lokacin fita ya wuce, zuciya ta sauka, an kwana lafiya.

Masu binciken ƙwaƙwalwa na wannan zamani za su gane Musa nan take. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, hotunan ƙwaƙwalwa da na'urori ke ɗauka sun nuna cewa sassan da ke tafiyar da zumuɗi da son lada sukan yi ƙarfi da wuri, da zarar an shiga balaga, amma ɓangaren gaba da ke bayan goshi, mai auna sakamako da taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Binciken Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka ya nuna kuma cewa matashi yakan fi kutsawa cikin haɗari idan tsararrakinsa na kallo, abin da ba a gani sosai ga manya. Musa ba wawa ba ne, ya san akwai mutuwa a yaƙi. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne a ce Mahmudu ya je shi yana zaune. Maganin da akun ya yi masa, wato jinkiri har zafin ya huce, shi ne aikin da ƙwaƙwalwar yaron ba ta riga ta iya yi wa kanta ba. Imam bai san da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba. Malamin makarantar kwana ne da ya shekara huɗu yana fama da yara masu tashen balaga, shi kansa kuma bai daɗe da fita daga cikinsu ba. A littafi na uku sai ya juya darasin: akun, wanda yanzu ya zama waziri, yana koya wa ɗansa Fasih dabarun zaman duniya, yaron na kuskure uban na gyarawa. Wanda ya san abin da ya wakana tsakanin marubucin da East shekara biyu kafin nan zai karanta wannan kashi da wani ido.

Ya koma aji a Katsina, amma bai daɗe ba. A watan Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, shi ne editanta na Hausa. Lokacin guguwar yaƙin Hitila ta taso, ji-ta-ji-ta ta cika kasuwanni, gwamnati na son hanyar isar da nata bayanin. Babu amfanin ɓoye cewa jaridar ta hukuma ce, kuma akwai Turawa a samansa. Wannan shi ne gwajin farkon girma, wanda ya bambanta da na samartaka. A da tambayar ita ce ko shi wane ne. Yanzu kuwa ita ce ga wa zai ba da amanarsa, kuma nawa zai iya biya a kanta. Ya buɗe shafukan jaridar ga wasiƙun masu karatu, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa suka fara ganin kokensu a rubuce. Ya ƙera Hausar jarida mai sauƙi da raha, wadda za a karanta da ƙarfi a zaure wanda bai iya karatu ba ya fahimta. Hakan ya sa ya zauna tsakanin wuta biyu. Masu sarauta da dama ba su ji daɗin ganin talaka na ƙorafi a takarda ba. Samari masu zafin ra'ayi kuma suna ganin ya cika lallashi. Ya riƙe kujerar shekara 12.

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma zuwa Ingila, shi kaɗai ne daga Arewacin Nijeriya. Dokta Nnamdi Azikiwe, wanda ya girme shi da shekara bakwai kuma sunansa ya riga ya cika Legas, ya shirya takardar neman a ba ƙasashen mulkin kai cikin shekara 15. Imam ya ƙi sa hannu. An daɗe ana muhawara a kan wannan. Masu suka suna ganin taka-tsantsan ne na ma'aikacin hukuma. Masu kare shi suna cewa ya duba ratar ilimin boko tsakanin Kudu da Arewa ne, ya ga ba zai ɗaura wa jama'arsa alkawarin da ba a shawarce su ba. Kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Sai dai zargin tsoro yana da wuyar tsayawa idan aka dubi abin da ya yi a wannan tafiya ɗin dai. Ya gana da Lugga, mutumin da ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna, wanda kuma sojojinsa ne suka kori iyayen Imam daga Kontagora shekara 42 da suka wuce. Ya faɗa masa baki da baki, ya kuma biyo da wasiƙa, cewa tsarin ya tsufa: talaka ba shi da inda zai kai kuka, ana zalunci a ƙarƙashin En'e, kuma samarin da gwamnati ta ilimantar da kuɗinta ba a jin shawararsu. Bayanan nasa sun kai ga sabon gwamnan Nijeriya, Arthur Richards. Cikin 'yan makonni, yana da shekara 32, ya ƙi bin Zik, ya kuma ƙi yi wa Lugga shiru. Labarin tafiyar shi ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Abin da ya biyo baya sananne ne, kuma a kan wannan tubali ya hau. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tun tana ƙungiyar al'adu. An zaɓe shi majalisa a 1951, amma siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi ba. Tsofaffin abokan karatunsa suka zama Firimiya da Firayim Minista da Gwamna, shi kuwa ya koma ga aikin littattafai da Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rubuta littattafan addini da na tarihi, ciki har da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wato ya komo ga gadon gidan Malam Shehu Usman ta ƙofar boko. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Malam Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, ya rasu a 1971. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga watan Yuni, 1981, yana da shekara 70. Allah Ya jiƙansu da rahama. Tarihin rayuwarsa da ya fara rubutawa da hannunsa, Alhaji Abdurrahman Mora ne ya tattara shi, kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1989.